Kokon Fida da Ramar Abba

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da kuke ta aiko mini da wasiƙu kuna tambayar ina na shige, me ya sa littafina na gaba ya ƙi fitowa. To ga amsarku yau: goyo ne ya ɓoye ni. Kuma goyon nan ya zo mini da wani al'amari wanda na ga bai kamata in bar shi a cikina ba, duk da cewa wani ɓangarensa abin kunya ne a gare ni.

Yaron ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka mayar masa, saboda haka ku yi mini afuwa, Abba kawai za ku ji na ce. An haife shi da nauyin kilo 3 cif. Na yi wankan jegona a gidanmu, na sha kunun kanwa da gasasshen nama, bayan arba'in na koma ɗakina a babban gidan su maigida. A nan ne fa labari ya soma, domin facalata ta riga ni haihuwa da mako biyu kacal, ita kuwa tun da wuri ta haɗa wa nata ɗan da madarar gwangwani. Yaro ya yi ɓul-ɓul, kumatu kamar an hura, duk wanda ya shigo gidan shi yake fara ɗauka. Nawa kuwa dogo ne siriri kamar sillen kara, sai idanu da yawan dariya. Idan aka kwantar da su a tabarma ɗaya, wallahi sai in ji zuciyata ta yi nauyi, in tashi in ba da wurin kamar na tuna da wani aiki.

Ranar da Abba ya cika wata huɗu na kai shi awo, sikeli ya nuna kilo 6.1. Na dawo gida ina murna, sai na tarar da Hajiya, mahaifiyar maigida, a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta karɓe shi ta jijjiga a hannu kamar mai auna buhu, sannan ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, nononki ba ya isar yaron nan. Ruwa ne kawai. Mu a zamaninmu yaro yana wata uku ake soma yi masa ɗura, ga ubansa nan da ita ya girma." Na sunkuyar da kai na ce, "To Hajiya, amma a asibiti sun ce sai ya yi wata shida." Ta ce, "Su 'yan asibitin su suka haifa mini nawa takwas ɗin?"

Ban ce komai ba, ina ni ina musu da uwar miji. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da dare maigida da kansa ya ce, cikin wasa wai, "Anya yaron nan ba rowa kike yi masa ba?" Ya yi dariyarsa ya juya ya yi barci, ni kuwa na kwana ina kallon silin. Ni da nake rubuta jarumai mata masu tsayawa a kan ra'ayinsu ko da za a yanka su, sai ga shi magana biyu ta karya ni.

Washegari na aiki yaro kanti ya sayo mini fida. Na dama koko tsararo yadda zai bi ta bakin robar, na zuba sukari cokali biyu, na rufe ƙofa na ba shi. Ya sha kuwa, ya yi barci mai tsawo, na ce shi ke nan na gano bakin zaren. Haka na yi ta yi sau uku a rana har kusan mako uku. Abin da ban lura da shi ba, tun da cikinsa yake cika da koko sai ya rage kama nono, ni ma sai na ji nonon ya daina cika kamar da. Fidar kuma ɗauraya kawai nake yi mata da ruwan randa, ga zafin bazara, ga ƙuda.

Daren wata Talata zawo ya ɓarke masa. Kafin gari ya waye na canza masa zani ya fi sau bakwai, idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta loma, kukan ma ba ya fita sosai. Allah sarki, ban taɓa sanin mene ne tsoro ba sai ranar. Muka garzaya asibiti, aka ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc ta kwana goma, aka ce in yi ta ba shi nono ba ƙaƙƙautawa. Da aka ɗora shi a sikeli yana da wata biyar, sai ga kilo 6. Wato wata guda cur bai ƙaru ba, har ma ya ragu.

Wata Sista babba ce ta karɓi katinsa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maman Abba, me kika ba shi?" Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na faɗa mata komai ina hawaye. Na ɗauka za ta balbale ni da faɗa a gaban mata, sai kawai ta jawo kujera ta shimfiɗa katin a cinyarta ta ce in matso.

Ta nuna mini ɗigon da ake yi duk ranar awo, daga haihuwa zuwa wata huɗu. Ta ce in bi su da yatsa. Layin yana hawa ne sannu a hankali, bai taɓa tsayawa ba sai a watan da na soma kokon. Ta ce, "Ƙanwata, ba da ɗan maƙwabta ake auna yaro ba, da layinsa ake auna shi. Naki ya ninka nauyin haihuwarsa yana wata huɗu, me kike nema kuma?" A nan na fara jin cewa jariri yakan ɗan ragu a kwanakin farko bayan haihuwa, ya mayar cikin kamar mako biyu, ya ninka nauyinsa wajen wata biyar, ya kai kusan ninki uku idan ya shekara. Kuma yaron da ke shan nono zalla yakan yi saurin ƙiba a watanni biyu zuwa ukun farko, daga nan sai saurin ya lafa, har ya kan fi mai shan madarar gwangwani sirantaka, wannan kuma ba ciwo ba ne. Shi ya sa ma a shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sabon ma'aunin girman yara wanda aka gina shi a kan yaran da aka shayar da nonon uwa. Tun kafin nan, a 2001, hukumar ta tsayar da shawarar nono zalla har wata shida, domin a da cewa ake yi wata huɗu zuwa shida. Kun ga ke nan Hajiya ba daga sama ta ɗauko maganarta ba, zamani ne ya wuce ta.

Sai maganar kokon kansa, wadda ita ce ta fi ba ni haushin kaina. Koko tsararo mai bi ta fida kusan duk ruwa ne da ɗan gasara, bai kai nono ƙarfi ba, ba shi da maiƙonsa, ba shi da garkuwar da ke kare yaro daga cuta. Cikin jariri kuwa ɗan ƙarami ne, idan na cika shi da abin da bai kai nono ba, to na yi musanyar zinariya da gwangwani ke nan. Sannan nono yana zuwa ne gwargwadon yadda ake tsotsarsa, yaro ya rage sha, jiki ya rage kawowa. Ta ce ko ruwan sha ba ya buƙata kafin wata shida, ko da ana zafin Afrilu, saboda kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Ta sa na shayar da shi a gabanta, ta gyara mini yadda yake kamawa, ta ce in riƙa barinsa ya gama da ɗaya kafin in juya shi, saboda na ƙarshen ya fi maiƙo. Ta ce in riƙa ƙirga fitsarinsa, idan yana yi sau shida ko fiye a yini da kwana, to yana samu.

Amma ta ja mini kunne a kan abu guda, ni ma zan ja muku. Ba kowace rama ce ta banza ba. Idan layin kati ya miƙe bai hau ba, ko ya yi ƙasa, ko yaro ya zama ba kuzari, ba ya son nono, ko ƙafafunsa suka kumbura, to wannan ba maganar zaman gida da shawarar maƙwabta ba ce, asibiti ake nufa a ranar. Tamowa da gaske take, kuma ana maganinta idan an kai da wuri. Daga wata shida ma akwai wani ɗan tef mai launi uku da suke zagaya wa dantsen yaro, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, to an shiga haɗari.

Na dawo gida na jefa fidar a bola. Wata guda na yi ina ba shi nono kawai, dare da rana, Hajiya tana kallona ba ta ce uffan ba, domin ita ma zawon ya tsorata ta. Yana cika wata shida sikeli ya nuna kilo 6.6. A lokacin ya iya riƙe wuyansa sosai, yana zama idan an tokare shi da matashi, in ina cin abinci sai ya bi lomar da ido yana miƙo hannu, kuma ya daina turo cokali waje da harshe. Sista ta ce yanzu ne lokaci, kuma kada in yi jinkiri, domin daga wata shida sinadarin ƙarfen da yaro ya zo da shi daga ciki yakan soma ƙarewa, nono shi kaɗai ba ya cike gurbin, sai ƙarancin jini ya biyo baya.

Ga yadda na yi. Na soya gero da waken suya da gyaɗa, kowanne daban, na fi yawaita geron, na cire ɓawon waken, na kai inji aka niƙa mini lukui. Gyaɗar sai da na zauna na tsince duk mai ruɓa da mai fumfuna, saboda irin wannan tana da dafin da ke cutar da hanta. Ina dafa garin sosai a kan wuta, in yi shi da kauri yadda idan na karkata cokali ba zai zube ba, in ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa. Ba sukari, ba gishiri, ba dunƙule. Na soma da cokali biyu zuwa uku sau biyu a rana, bayan ya sha nono, da ƙaramin kofi da cokalin da na wanke da sabulu, hannuna ma haka.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ranar farko Abba ya yamutsa fuska kamar na ba shi maɗaci, ya feso mini kunun a ido. Kwana huɗu muna wannan dambe. A rana ta biyar Hajiya ta gaji da kallo ta ce, "Miƙo shi nan in ɗura masa, ke wasa kike yi." Gabana ya faɗi, domin na san yadda ake ɗura: a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, dole ya haɗiya in yana son numfashi. Yaro yakan shaƙe a haka, kunun ya bi masa ta hanyar iska zuwa huhu. Na durƙusa na ce, "Hajiya, don girman Allah ki yi haƙuri, ki gwada masa da cokalin, wataƙila a hannunki zai karɓa." Ta harare ni, ta karɓi kofin. Ta zaunar da shi a cinyarta tana yi masa kirari irin na kaka da jika, wai maigidanta na kanta, angonta mai rowar cefane. Yaro ya buɗe baki yana dariya, ta zura cokali. Ya haɗiye. Sai da ya sha cokali biyar a hannunta, abin da bai taɓa yi mini ba.

Daga nan na riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya, in bar kwana biyu ko uku tsakani don in ga ko wani zai ɓata masa ciki ko ya fito masa da ƙuraje. Dafaffen ƙwai da aka murje, kabewa, dankalin Hausa, ayaba, wake da aka cire wa ɓawo, garin busasshen kifi da na tankaɗe saboda ƙaya, garin zogale kaɗan, da hanta idan maigida ya yo cefanen nama. Zuma ce kawai na hana ƙememe har sai ya shekara, duk da cewa sai da muka kai ruwa rana da mutanen gida, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙi da ita ba. Gyaɗa guda-guda ma ban yarda a ba shi ba saboda shaƙewa. Zuwa wata tara yana cin abinci sau uku zuwa huɗu, kusan rabin kofi kowane zama, har da tuwo mai laushi da miyar kuɓewa da nake ɗiba masa kafin in sa yaji. Nono kuwa yana nan, in Allah ya yarda sai ya shekara biyu.

Ranar da muka je allurar ƙyanda ta wata tara, kilo 7.9. Makon jiya ya shekara, kilo 8.9. Har yanzu ɗan facalata ya fi shi kumatu, kuma har yanzu shi baƙi suke fara ɗauka. Da na kawo katin gida na miƙa wa Hajiya, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta ce ita ba ta gane wannan zane-zanen ba, in je in damo kunun angonta tun kafin ya soma kuka, kuma in yi shi da kauri, na jiya ya yi ruwa.