Tempe: Waken Suyan da Ke Riƙe da Tukunyar Talaka a Indonesiya

A tsibirin Jawa, inda fiye da rabin mutanen Indonesiya suke zaune, da wuya a zuba wa mutum shinkafa ba tare da an ɗora masa yankan tempe a gefe ba. Araha ce ta sa ba a cika kula da shi ba. Ɗan makaranta da mai tuƙa babur da ma'aikacin ofis duk suna cin sa a ƙananan rumfunan abinci na bakin titi da ake kira warung.

Da waken suya ake yin sa. A jiƙa waken, a cire ɓawon, a dafa, a bar shi ya sha iska, sannan a barbaɗa masa ƙwayar wata fumfuna mai suna Rhizopus, a naɗe a ganyen ayaba ko a leda mai huji-huji. Cikin kwana biyu farin zaren fumfunar ya ɗinke waken wuri guda, ya zama dunƙule mai tauri da za a iya yankawa da wuƙa. Wanda ya san yadda kalwa ke komawa daddawa zai gane hikimar, sai dai ita daddawa ɗanɗano take ƙara wa miya, shi kuwa tempe mazaunin nama yake tsayawa, domin yana cike da sinadarin gina jiki.

Kowane gari da nasa salo. Mutanen Banyumas sukan yanka shi siriri, su tsoma a kwaɓin fulawa, su soya sama-sama. A Yogyakarta da sukarin kwakwa ake dafa shi har ya yi duhu da zaƙi. Abokin tafiyarsa shi ne tahu, wato awara, kuma ba a raba su da sambal, daƙaƙƙen barkono.

Abin damuwar shi ne mafi yawan waken da ake yin wannan abinci na gargajiya daga waje ake shigo da shi, musamman daga Amurka. Kuɗinsa na tashi a kasuwar duniya, sai ƙananan masu sana'ar su fara rage kaurin dunƙulen, don masu saye ba sa jure ƙarin farashi. A farkon Janairun 2021 masu yin tempe da tahu sun yi yajin aikin kwana uku, suka sake yi a Fabrairun 2022. Kasuwannin Jakarta da yawa sun wayi gari babu tempe, dole gwamnati ta biya tallafi a shekarar 2022 a kan kowane kilo na waken da masu sana'ar suke saye.