A Daina Sasanta Fyaɗe a Zaure

Na gaji da jin labarin nan: an yi wa yarinya fyaɗe, dattawa sun taru a zauren mai unguwa, an karɓi 'yan kuɗin magani, an ja wa kowa kunne kada a ji bakinsa. Wai an rufa asiri. Asirin wa?

Cin zarafin jinsi faɗi gare shi: duka, fyaɗe, auren dole, horon yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko makamancinsa, kuma fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba.

Hujjar iyaye kullum ɗaya ce: in aka je asibiti magana za ta fasu, yarinya ta rasa mijin aure. To ai kafin a watse daga zauren nan magana ta riga ta kai gidan kitso! Shi kuwa jami'in jin daɗin jama'a da za a tarar a asibiti, cikin abubuwan farko da ake koya masa akwai riƙe sirri. Zai saurara, ba zai ce “me ya kai ki ɗakinsa?” ba, zai nuna wa iyali inda likita da lauya suke. Wanda sulhu ya lulluɓe shi ne mai laifin, kuma galibi ba baƙo ba ne: maƙwabci, mai shago, wani lokacin ɗan gida. Ya gane farashin laifinsa, gobe 'yar wani ce. Yarinyar kuma kullum da safe sai ta wuce ta gabansa. Ta koma fitsarin kwance, ta ƙi zuwa Islamiyya, tana firgita cikin barci, sai a ce iskoki ne a shiga turare. Mu ji tsoron Allah.

Talauci da jan ƙafar shari'a ma suna da nasu kason a wannan sasancin, ban musa ba.

Iyaye mata, ku riƙe wannan. Kada a yi mata wanka, kada a gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa, don shaida ake wankewa. Kayan jikinta a naɗe su a takarda mai tsabta, ban da leda, saboda danshi yana lalata shaida. A kai ta asibiti cikin awa 72, domin maganin kariya daga ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki, kuma kwana 28 ake sha ba fashi. Na hana ɗaukar ciki yana kaiwa kwana 5, amma gara da wuri. Ko an riga an yi wankan, a je. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, a Jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama, duk masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ne. Doka ma tana nan: ta tarayya mai hana cin zarafin mutane tun 2015, Kaduna kuma ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2020. In yaro namiji ne aka yi wa, hanyar ɗaya ce, a kai shi a ranar.