Saƙar Muryoyi a Waƙa: Daga 'Yan Amshin Gobir Zuwa Majami'un Turai

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Isa ko Sabon Birni, da wuya a ce kunnensa bai san muryar Ibrahim Narambaɗa ba, mutumin Tubali, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu. Sai dai idan mai karatu ya sake sauraren ɗaya daga cikin waƙoƙinsa a natse, misali Bakandamiya, zai lura cewa Narambaɗa ba shi kaɗai yake waƙar ba. Shi ne jagora, amma a bayansa akwai 'yan amshi, ga kuma kotsanni suna nasu zancen. Tambayar da wannan maƙala take son amsawa ita ce: me ke faruwa idan muryoyi biyu ko fiye suka tashi a lokaci guda, kuma me ya sa wani haɗin yake yi wa kunne daɗi, wani kuwa ya zama hayaniya? Masana kiɗa suna kiran wani nau'i na wannan haɗi da suna folifoni, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka, ma'anarta muryoyi da yawa. A nan za mu kira shi saƙar muryoyi, domin ya yi kama da aikin masaƙi, inda zare yake tafiya ta tsaye, abawa tana ratsa shi ta kwance, kowane da hanyarsa, amma ƙyalle ɗaya suke fitarwa.

Hanyoyi Huɗu na Haɗa Murya

Ba kowace waƙar taro ce saƙar muryoyi ba. Masana sun kasa waƙa gida huɗu dangane da yadda muryoyi suke zama da juna. Na farko shi ne karin murya ɗaya, inda mutum ɗaya ko mutum ɗari suke bin kari ɗaya tak, kamar ɗalibai suna rera taken ƙasa a filin makaranta. Na biyu shi ne inda kari ɗaya ne ake bi, amma kowa yana yi masa ɗan ado nasa, wani ya ja gaɓa, wani ya gajarce ta, kamar yadda mai goge yake bin muryar mawaƙinsa. Na uku shi ne inda murya ɗaya take ɗauke da kari, sauran kuma suna tallafa mata da sautuka daban, amma duk suna motsawa tare. Na huɗu, wato saƙar muryoyi ta sosai, shi ne inda kowace murya take da karinta mai cin gashin kansa, wannan ta hau, waccan ta sauka, wannan ta tsaya, waccan ta ci gaba, amma duk da haka su dace.

Abin da Kimiyya Ta Ce

Sauti kaɗawar iska ce. Idan aka taɓa tsirkiyar molo, sai ta yi ta kai da komo da sauri, ta kaɗa iskar da ke kewaye da ita, iskar kuma ta kaɗa fatar da ke cikin kunne. Ana auna yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin Hertz. Kunnen saurayi mai lafiya yana jin daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Gwargwadon yawan kaɗawa, gwargwadon siririn sauti.

Yanzu a ɗauka mutum biyu suna riƙe da sauti, ɗaya a 200, ɗaya a 400. Duk kaɗawa ɗaya ta na farko tana daidai da biyu na na biyu. Kunne yakan ji su kamar sauti ɗaya ne mai kauri da siriri, kuma abin da ke faruwa ke nan idan magidanci da yaro suka rera kari ɗaya. Idan kuwa 200 ne da 300, to biyu suna haɗuwa da uku. Idan 300 ne da 400, uku suna haɗuwa da huɗu. Waɗannan rabe-rabe masu sauƙi, 2:1 da 3:2 da 4:3, su ne kunne ya fi karɓa cikin natsuwa. Amma idan aka haɗa 200 da 205, kaɗawar tasu takan dace sannan ta saɓa har sau biyar a daƙiƙa, sai a ji sautin yana rawa. Idan tazarar ta ƙaru kaɗan, rawar takan yi sauri har ta zama ƙaiƙayi a kunne. Ana danganta gano waɗannan rabe-rabe ga Fisagoras na Girka, kuma malaman Musulmi irin su Alfarabi, wanda ya rasu a 950, da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun yi rubutu mai zurfi a kansu.

Ba sai an je nesa ba kafin a ji rabon 3:2. Kakakin da ake busa wa manyan sarakuna ba shi da ramukan yatsa. Yawanci sautuka biyu ne yake bayarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce wannan rabo, domin haka iska take kaɗawa a cikin dogon bututu idan mai busa ya ƙara matse leɓɓansa.

Jagora da 'Yan Amshi

Ƙasar Gobir tsohuwar matattarar makaɗan fada ce. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, wadda kufanta yake a yankin Sabon Birni, Gobirawa sun watsu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka kafa Sabon Birni, Isa kuma ta zama fadar mai riƙe da sarautar Sarkin Gobir a ƙarƙashin Sakkwato. Kowace fada tana bukatar makaɗanta, kuma tsarin ƙungiyar kusan ɗaya ne: jagora, da 'yan amshi waɗanda su ne kuma suke kaɗa kotso ko taushi, da sanƙira mai fayyace wa jama'a abin da ake faɗa.

Manazarta waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun nuna cewa aikin 'yan amshi ya wuce maimaita gindin waƙa. Akwai ƙari, inda jagora zai fara ɗan waƙa ya sake shi, su kuma su ƙarasa. Akwai karɓeɓeniya, inda ake miƙa wa juna layuka ana karɓewa. Ƙungiyar Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ta yi fice a wannan salo.

To, wannan saƙar muryoyi ce? Amsar gaskiya ita ce: ba gaba ɗaya ba. 'Yan amshi kari ɗaya suke bi idan sun tashi tare, kuma tsakaninsu da jagora bi-da-bi ake yi. Sai dai akwai wani ɗan lokaci da ya cancanci a kasa masa kunne, wato inda jagora yakan shigo da sabon ɗa alhali 'yan amshi ba su gama sauke gindi ba. A wannan daƙiƙa ɗaya ko biyu, kari biyu mabambanta suna tafiya tare. Masana da yawa suna ganin irin wannan hawan murya a kan murya yana daga cikin ƙofofin da saƙar muryoyi ta shigo ta cikinsu a wurare da dama na duniya.

Akwai dalilin da ya sa waƙar Hausa ba ta yi nisa ta wannan hanya ba. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar kuka, idan an ɗaga gaɓoɓinta duka biyu, zubar da hawaye ce. Idan an sauke ta biyun, itaciya ce. Mawaƙi yakan yi ƙoƙari karin waƙarsa ya bi hawa da saukar magana. Idan muryoyi biyu suka ɗauki kalma ɗaya, wannan ta hau da ita, waccan ta sauka, ma'ana na iya rikicewa. Ga makaɗin fada kuwa, magana ita ce jari. Kirari da zambo da habaici ba su da amfani in Sarki da fadawa ba su ji su sarai ba. Saboda haka Bahaushe ya kai gwanintarsa ta saƙa wajen kiɗa. A ƙungiyar kotso ba kowa ke buga abu ɗaya ba, haka nan mata uku masu lugude a turmi ɗaya, kowace taɓarya tana faɗawa a gurbin da 'yar'uwarta ta bari.

Yadda Turawa Suka Fara Rubuta Tasu

A majami'un Turai, ƙarnuka da yawa ana rera waƙoƙin ibada da kari ɗaya cikin harshen Latin. Bayani mafi tsufa a kan ƙara murya ta biyu yana cikin wani littafi mai suna Musica enchiriadis, na ƙarshen ƙarni na 9. Salon da ya bayyana ana kiransa organum: murya ta biyu tana bin ta farko ƙafa da ƙafa, da tazarar 3:2 ko 4:3. A 2014 aka ba da sanarwar cewa wani ɗalibin Jami'ar Kambirij, Giovanni Varelli, ya gano wata gajeruwar waƙa mai murya biyu a cikin wani tsohon kundi a Landan, wadda aka rubuta wajen shekarar 900. Wani kundi kuma na garin Winchester a Ingila, na farkon ƙarni na 11, yana ɗauke da irin waɗannan waƙoƙi fiye da 150.

A cikin ƙarni na 11 ɗin, wani malamin majami'a a Italiya, Guido na Arezzo, ya daidaita hanyar rubuta sauti a kan layuka, ta yadda mai karatu zai san iyakar hawa da saukar murya ko da bai taɓa jin waƙar ba. Daga nan murya ta biyu ta fara samun 'yanci, tana hawa idan ta farko ta sauka.

Babban ci gaba ya zo a birnin Faris, a majami'ar Notre-Dame da aka fara ginawa a 1163. Wani Baturen Ingila da ya yi rubutu a ƙarni na 13, wanda sunansa bai iso gare mu ba, shi ya adana mana sunayen gwanaye biyu na wurin, Leonin da Perotin. Leonin ya tsara waƙoƙi masu murya biyu, inda ta ƙasa take riƙe sauti ɗaya na dogon lokaci, ta sama tana yawo a kansa. Perotin ya kai su murya uku da huɗu wajen shekarar 1200. A nan wata matsala ta taso. Mutum huɗu masu kari daban-daban ba za su haɗu a wuri ɗaya ba sai kowa ya san tsawon kowane sauti. Dole ta sa aka ƙirƙiro hanyar rubuta lokaci, har wajen 1280 Franco na Cologne ya bayyana tsarin da siffar alama take nuna tsawon sautinta. Abin da kotso yake yi wa 'yan amshi, wato riƙe musu lokaci, shi Turawa suka ɗora wa takarda.

Abin sha'awa, su ma sun yi fama da matsalar da muka ambata a sama. Wajen 1324 Paparoma Yahaya na 22 ya fitar da doka yana sukar sabon salo, domin yana daddatsa kari yana shagaltar da masu ibada. A zamanin babban taron majami'a na Trent, daga 1545 zuwa 1563, an sake kokawa cewa yawan muryoyi yana binne kalmomi. Duk da haka salon ya ci gaba, har Thomas Tallis na Ingila ya tsara waƙa mai muryoyi 40 wajen 1570.

Ba Turai Ce Mafari Ba

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa Turawa ne suka ƙago saƙar muryoyi. Abin da suka riga kowa shi ne rubuta ta. Al'ummar Aka ta dazuzzukan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suna rera waƙa mai kari huɗu a lokaci guda, kowa yana sarrafa nasa, ba tare da takarda ba. Masani Simha Arom ya gano tsarinta ta hanyar ɗaukar muryoyin ɗaya bayan ɗaya a rikoda. Hukumar UNESCO ta sanya waƙar Aka cikin manyan kayan gadon ɗan Adam a 2003, kamar yadda ta yi wa waƙar mutanen Jojiya mai murya uku a 2001. Akwai irinta a wajen Dorze na Habasha da Wagogo na Tanzaniya.

Gwaji a Cikin Aji

Malami zai iya nuna duk wannan ba tare da kayan aiki ba. A raba aji biyu. Da farko kowa ya rera wata waƙar gaɗa ko ta dandali tare. Sannan rukuni ɗaya ya riƙe sauti guda, ɗayan ya rera waƙar a kansa, ɗalibai su lura da inda haɗin ya kwanta da inda ya yi ƙaiƙayi. A ƙarshe rukuni na biyu ya fara waƙar bayan na farko ya yi layi ɗaya. Za a ga cewa wasu waƙoƙin sun dace, wasu sun watse. A tambayi ɗalibai dalili.

Kammalawa

Waƙar Perotin ta kai shekara 800, amma har yau ana rera ta domin an rubuta ta. Ta Narambaɗa kuwa ta iso gare mu ne domin na'urar ɗaukar murya ta riske shi da rai. Makaɗan Alƙalawa ba su sami wannan rabo ba. Gwanintar amshi ba a littafi ake koyon ta ba, sai yaro ya shekara da shekaru a bayan jagora. Yau kwamfuta tana bai wa mawaƙi ɗaya damar yi wa kansa amshi a ɗakin ɗaukar waƙa, ga kuma rashin tsaro da ya tarwatsa ƙauyuka da dama a yankin Isa da Sabon Birni, ya rage tarukan da ake koyon abin a cikinsu. Mun saba rubuta kalmomin waƙoƙinmu, muna barin yadda muryoyin suke hawan juna. Ɗalibin da ke da waya a aljihu, kuma akwai tsohon ɗan amshi a unguwarsu, zai iya yin abin da Arom ya yi: ya nemi izini, ya ɗauki jagora daban, 'yan amshi daban, kotso daban, ya rubuta sunan gari da ranar da aka yi, sannan ya kai wa malaminsa a adana.