Bushewar Baki Bayan Gashin Ciwon Daji

'Yan'uwa, wanda aka yi wa gashin ciwon daji a kai ko wuya, sau da yawa yawunsa yakan ƙafe. Yawu kuwa shi ke wanke baki, yana kashe tsamin da ke cin haƙora, shi ya sa sukan soma ruɓewa cikin 'yan watanni.

Akwai maganin da ke maye gurbin yawu, na fesawa ko na shafawa. Yana jiƙa baki, amma shi kaɗai ba ya hana ruɓewa, wani ma tsami gare shi. Sai an haɗa da man goge baki mai fuloraid kullum, da ganin likitan haƙori.

Mu kuma, in mun je dubiya, mukan kai alewa da lemon kwalba don tausayi. Sukarin nan ɓarna yake ƙarawa. Gara mu kai ruwa.