Allon da ke hana jiragen sama karo

'Yan'uwa na Gangara da Gazawa da Agye, kun saba ganin jirgi can ƙololuwa yana jan farin zare. Ba shi kaɗai ba ne. Jirage da yawa suna ratsa samaniyar Nijar dare da rana. Ma'aikatan ASECNA na Yamai suna yi musu jagora ta rediyo.

Amma rediyo kaɗai bai isa ba. Wani jirgin sojan Jamus ya sha mai a Yamai, ya nufi kudu. Ran 13 ga Satumba 1997 ya yi karo da jirgin sojan Amurka a kan teku, kusa da Namibiya. Mutum 33 suka rasu. Dukansu biyu ba su da na'urar gargaɗi.

Sunan wannan na'ura TCAS. Tana tambayar jiragen da ke kusa, su kuma suna ba ta amsa. Sai ta zana su a wani ɗan allo gaban matuƙi.

In jirage biyu suka fuskanci juna, tazararsu tana raguwa da kusan rabin kilomita kowace daƙiƙa. Matuƙi ba shi da lokacin dogon karatu. Don haka aka taƙaita alamomin:

Fara ko shuɗiya mai tsini huɗu, cikinta fanko: jirgi ne, amma babu damuwa.

In cikinta ya cike: ya matso kusa.

Rawaya, zagayayya kamar dala: a yi hattara, saura wajen daƙiƙa 40.

Ja mai kusurwa huɗu kamar laya: haɗari, saura kamar rabin minti ko ƙasa da haka.

Kun ga launi yana sakewa, siffa ma tana sakewa. Ko hasken rana ya dushe launin, siffar tana nan. Lamba a gefe tana faɗin ko jirgin yana bisa ko ƙasa. 'Yar kibiya tana nuna hawa yake ko sauka.

In alama ta yi ja, murya tana ba da umarni. Na'urorin jiragen biyu suna shiryawa tsakaninsu: wannan ya hau, wancan ya sauka. A 2002 jirage biyu sun yi karo a Jamus, mutum 71 suka rasu. Na'ura ta ce wa ɗaya ya hau, ma'aikacin ƙasa ya ce ya sauka, ya bi ma'aikacin. Tun daga nan aka ƙarfafa doka: in ja ta fito, maganar na'ura ake bi.