Ganyen Bishiya da Ƙarfin Ƙasa: Misali daga Gonakin Kewayen Kumasi

Tarihin Zangon Kumasi ba ya rabuwa da goro. Fatake sun daɗe suna saye a kasuwar Salaga suna kaiwa Kano da Sakkwato, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa daga cikinsu suka gangaro kudu, kusa da inda bishiyar take. Amma ɗan kasuwa ƙwarya yake gani, ba ganye ba. Wannan takarda ta duba ganyen ne, wato abin da ke cikinsa da abin da yake mayar wa ƙasa idan ya faɗi.

A cikin kowane ganye akwai sinadaran da tsiro ke ci: naitirojin, da fosfaras, da fotashiyam, da kalsiyam. Akwai kuma waɗansu da ke sa ganye tauri ko bauri, irin su liginin da tanin. Tanin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Ganye mai yawan naitirojin yana ruɓewa cikin 'yan makonni ya zama taki. Mai yawan liginin da tanin kuwa sai ya yi watanni a kwance, har ƙwayoyin halittar da ke cin sa su ari naitirojin daga ƙasa kafin su gama da shi. A wannan tsakani shuka ce ke zama da yunwa.

To, ina shekaru suka shigo? Kafin ganye ya faɗi, bishiya takan janye kusan rabin naitirojin da fosfaras ɗin da ke cikinsa ta mayar cikin rassa. Shi ya sa yake yin rawaya. Kalsiyam kuwa ba ya janyuwa, sai dai ya yi ta taruwa. Ke nan busasshen ganye da ɗanyen da aka sassabo ba taki ɗaya ba ne, ko da daga reshe guda suka fito. Haka nan ƙaramar bishiya mai saurin girma mai karɓa ce: tana zuƙa da yawa ta adana a jiki, ganyen da take zubarwa kaɗan ne. Sai ta manyanta, saiwarta ta nutsa, sannan ta fara jawo abinci daga can ƙasa tana zubo shi a sama.

Gonar koko ita ce misali mafi kusa da Kumasi. (Kokon bishiya ake nufi, wanda Tetteh Quarshie ya kawo daga Fernando Po a 1879, ba kokon sha da ƙosai da aka san Zango da shi ba.) Idan aka share daji aka dasa koko, shekarun farko ƙasa tana cin gadon dajin ne, ƙarfinta na raguwa. Da inuwa ta haɗe, ganye ya fara shimfiɗuwa, sai ta ɗan farfaɗo. Sai dai ganyen koko mai jinkirin ruɓewa ne, ga shi kowace kaka ana kwashe 'ya'ya ana fita da su. Ɓawon yana cike da fotashiyam, dalilin da ya sa ake ƙona shi a yi sabulun salo da tokarsa. Manomin da ya bari aka ɗebe ɓawon ya ba da takin gonarsa ne bai sani ba. Bayan shekara 25 zuwa 30 amfanin gona yakan fara ja da baya, kuma ba tsufan bishiya kaɗai ke jawo haka ba.

Nan ne zaɓen bishiyar inuwa yake da muhimmanci. Manoman Asante sukan bar ofram da emire su tsaya a gona, wasu su haɗa da goro. Gilirisidiya kuwa dangin wake ce, ƙululun da ke saiwarta na kamo naitirojin daga iska, ganyenta kuma ruɓewa yake nan da nan. Irin wannan bincike aikin Cibiyar Binciken Ƙasa da ke Kwadaso ne da Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Fumesua, duk a gefen Kumasi. Amma a kula: ba kowane ɗan gidan wake ke da wannan baiwa ba. Tsamiya da ɗorawa 'yan gidan ne, ba su kuwa yin ƙululun.

Ɗan Zangon da kakanninsa suka fito daga Maraɗi ko Damagaram yana da abin kwatance a gida, wato gawo. Shi sabanin sauran itatuwa yake: da damina ta kama sai ya zubar da ganye, ya fitar da sabo da rani. Takin yana sauka daidai lokacin shuka, inuwa ba ta danne gero, dabbobi kuma sun sha inuwarsa da rani sun bar kashi. Duk da haka ƙaramin gawo ba ya nuna wannan alheri sosai. Sai ya yi shekaru yana zubarwa a wuri guda kafin a ga geron gindinsa ya fi na fili tsayi da duhun ganye.