Bayani a Kan Borin Jini da Sababansa da Cututtukan da Ke Kama da Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ba da lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan bayani ne a kan cutar nan ta fata da Hausawa ke kira borin jini, da abubuwan da ke tayar da shi, da yadda za a rarrabe shi da waɗansu cututtuka masu kama da shi. Likitoci sun ƙiyasta kamar mutum ɗaya cikin biyar zai gamu da shi ko da sau ɗaya a rayuwarsa. Galibinsa mai sauƙi ne, ya zo ya wuce. Amma akwai irin da kan shaƙe mutum kafin a kai shi asibiti. Saboda haka ya kamata mai gida da mai makaranta da madugu kowa ya san alamunsa.

Fasali a kan siffarsa

Borin jini shi ne fata ta tashi rudu-rudu farat ɗaya, kamar an zane mutum da tsumagiya, tare da ƙaiƙayi mai tsanani. Wani tudun kamar ƙwayar wake yake, wani kuwa ya kai faɗin tafin hannu. A jikin mai farar fata ja yake fitowa, amma a jikin baƙi jan ba ya bayyana sosai, sai an shafa a ji tudun. Babbar alamarsa ita ce ba ya zama wuri ɗaya. Kowane tudu ya kan kwanta kafin sa'a 24 ba tare da ya bar tabo ba, sa'an nan wani ya tashi a wani sashe. Wanda ke shakka ya ɗauki alƙalami ya kewaye tudu ɗaya da tawada. In gari ya waye ya tarar cikin da'irar ya koma sumul, to borin jini ne. In kuwa tudun ya wuce yini da kwana yana nan, yana zogi, ya bar baƙin tabo, wannan wata cuta ce ta jijiyoyin jini, sai a nuna wa likita.

Wani lokaci kumburin ya kan nutsa can ƙarƙashin fata, leɓe ya yi suntum, ko fatar ido ta rufe, ko hannu ya cika. Wannan ya fi jimawa, ya kan kai kwana biyu ko uku. Wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, shi ya siffanta shi a shekarar 1882.

Fasali a kan asalinsa

Likitocin Larabawa suna kiransa shara. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekara ta 428 ta Hijira, watau 1037, ya kawo shi a littafinsa Alƙanun, ya danganta shi ga wani tururi mai zafi da ke tasowa daga jini ko daga majina ya nufo fata. Sunan da Hausawa suka ba shi ma ga jini ya jingina shi. Lalle magabata sun kusanci gaskiya, gama abin a ƙananan jijiyoyin jini yake aukuwa, sai dai ba su da madubin da za su gan shi.

A shekarar 1878 Paul Ehrlich na Jamus ya ga waɗansu ƙwayoyin halitta a cikin fata, kowace tana ɗauke da 'yan jakunkuna. A 1910 Henry Dale na Ingila da abokin aikinsa suka bayyana aikin wani sinadari da ake kira histamin. Daga baya aka gane cewa histamin ɗin nan yana cikin abin da ke ƙunshe a jakunkunan. Ƙwayoyin kamar masu tsaron ƙofar gari suke. In sun ji baƙon abu sai su kwance jakunkuna, histamin ya zuba, jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo daga cikinsu ya taru a fata, shi ne tudun. Histamin ɗin kuma ya taɓa jijiyoyin ji, shi ne ƙaiƙayin. In ruwan ya koma sai tudu ya kwanta. Ashe ke nan jinin mai borin jini bai ɓaci ba, ba a bukatar tsaga fata don a zubar da shi, kuma ba a ɗaukarsa ta hanyar musafaha ko cin abinci a ƙwarya ɗaya ko kwana a shimfiɗa ɗaya.

Fasali a kan sababai

Na ɗaya, wata cuta da ta riga ta shiga jiki. Wannan shi ya fi yawa ga yara: mura, ciwon maƙogwaro, zazzaɓi, gudawa. Yaro ya yi mura kwana uku jikinsa ya tashi, iyaye su ɗora wa abincin da ya ci laifi, alhali murar ce. Ciwon hanta mai kawo shawara ya kan fara da shi a wani lokaci. Haka tsutsar ciki da tsargiya. A dā masu kurkunu su kan yi borin jini dab da tsutsar za ta huda fata, amma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu.

Na biyu, magunguna. Waɗanda suka fi shahara da wannan su ne fenisilin da danginsa, da magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak, da kodin. Akwai kuma maganin hawan jini irin lisinofiril, wanda kan kumbura leɓe da harshe ba tare da ƙaiƙayi ba, ko da mutum ya yi shekara yana shansa lafiya, kuma wannan ya fi samun baƙar fata. Haɗe-haɗen ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda a tasha ba suna, nan haɗari ya fi, domin in jiki ya tashi ba wanda zai san wace ƙwaya ce ta jawo.

Na uku, abinci: gyaɗa, ƙwai, madara, kifi, jatan lande, riɗi, alkama. Sharaɗinsa guda ne, ya fito cikin 'yan mintoci zuwa sa'a 2 bayan ci, kuma ya maimaita duk sa'ad da aka ci. Abin da mutum ya ci shekaranjiya ba shi ne sababin borin yau ba. Masu sayar da kifin ƙanƙara su lura da wata mas'ala dabam. Kifin teku irin titus da sadin in ya daɗe cikin zafi ba ƙanƙara, histamin ya kan taru a namansa, kuma suya da dahuwa da banda ba su kashe shi. Duk waɗanda suka ci sai fuska ta yi zafi, kai ya sara, jiki ya tashi. In aka ga mutanen gida sun tashi tare bayan cin kifi, a tuhumi kifin.

Na huɗu, harbin ƙwari: zuma, rina, zirnaƙo, cinnaka. Kumburin wurin harbi ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne a harbi mutum a ƙafa borin ya fito masa a ƙirji da fuska.

Na biyar, abin da ya taɓa fata, kamar ganyen waɗansu itatuwa, da gashin waɗansu tsutsotsi, da yawun kyanwa, da safar hannu ta roba.

Na shida, yanayi da aiki. Akwai wanda sanyi ke tayar masa, da hunturu ya yi alwalar asuba da ruwan randa, hannu da fuska su tashi bayan 'yan mintoci. Mai wannan ya ɗumama ruwa, kuma kada ya kuskura ya faɗa kogi ko tafki mai sanyi, domin jiki duka in ya tashi lokaci ɗaya ya kan suma cikin ruwa. Akwai wanda zafi da gumi ke tayar masa ƙanana kamar ƙwayar gero, bayan tafiya cikin rana ko cin yaji ko ɓacin rai. Akwai wanda nauyi ke tayar masa, kamar ɗan dako da buhu ya danne wa kafaɗa, ko fatake da suka yini zaune a kan katako cikin mota, kuma wannan ba ya fitowa sai bayan sa'a 4 zuwa 6, shi ya sa ba a cika gane shi ba. Akwai kuma wanda in an ja farce a bayansa sai layin ya tashi har a iya rubutu a kai. Wannan ba sihiri ba ne, halin fatarsa ne.

Fasali a kan wanda ya daɗe

Likitoci sun raba borin jini biyu. Wanda bai kai mako 6 ba, shi ne mai wucewa. Wanda ya zarce mako 6 yana zuwa yana dawowa, shi ne mai daɗewa, kuma ya fi samun mata. Mafi yawan mai daɗewa sababinsa ba daga waje yake ba. Garkuwar jikin mutum ce da kanta ke tsokanar masu tsaron nan, wani lokaci tare da ciwon halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura ake ce maƙoƙo. Gajiya da rashin barci da damuwa da asfirin suna ƙara shi. Sau da yawa a kan ga mai wannan ya haramta wa kansa nama da ƙwai da nono da man gyaɗa har ya rame, borin kuwa yana nan. Wani ya zargi abokin kasuwa ko kishiya da sammu, zumunci ya lalace a kan zato. Alhali galibi ya kan bar mutum da kansa bayan watanni ko 'yan shekaru, kuma kafin nan magani yana danne shi.

Fasali a kan masu kama da shi

Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani sosai, yana haƙa rami cikin fata. Ƙaiƙayinta da dare ya fi, ƙurajenta suna tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya, ba su gushewa da safe, kuma ana ɗauka. In ta shiga tsangaya tilas a yi wa almajirai magani gaba ɗaya rana ɗaya, a wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya tabarmi a rana. Makero kuwa da'ira yake yi mai ɓarɓashi, yana faɗaɗa a hankali, shi ma ana ɗauka. Cizon kuɗin cizo ya kan jeru a layi, ya yi kwanaki.

Akwai ƙurajen da sana'a ke kawowa, irin na magina daga siminti, da na majema da marina daga magungunan aikinsu, da na masu turare, da na mata daga baƙin rini da ake haɗawa da lalle. Waɗannan sai bayan kwana ɗaya zuwa uku suke fitowa, daidai inda abin ya taɓa, su yi ruwa su bushe su tsage. Ƙaiƙayin kulorokwin da wanda waɗansu kan ji bayan wanka, su ba su tayar da tudu ko kaɗan. Fataken da suka daɗe a kurmin kudancin Nijeriya ko Kamaru, in suka ga kumburi yana tashi a hannu ya kwana biyu ya koma wani wuri, su gaya wa likita inda suka zauna, domin akwai wata tsutsa da wani ƙuda mai cizo da rana ke sa wa mutum a can, har ta kan gitta ta farin ido.

Tanbihi a kan mai kisa

A shekarar 1902 waɗansu masana biyu na Faransa, Richet da Portier, suka yi wa kare allurar dafin wata halittar teku, ya tsira. Bayan makonni suka sake yi masa kaɗan ƙwarai, ya mutu cikin ɗan lokaci. Daga nan aka fahimci cewa jiki ya kan riƙe abu, karo na gaba yana iya fin na farko muni. Saboda haka wanda allura ko harbin zuma ko gyaɗa ta taɓa tayar masa da jiki, kada ya ce ai wancan karon ya wuce lafiya.

Alamun haɗari su ne harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta dushe, numfashi ya yi ƙara, haɗiya ta gagara, amai ya zo, jiri ya ɗebi mutum. In ɗayansu ya haɗu da borin jini, ba a jira. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya ƙuntata a bar shi zaune, kada a tsayar da shi ya taka, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin zai shaƙe. Masu addu'a su yi ta a hanya. Maganinsa allurar adiranalin ce a cinya, ƙwayar sha ba ta tsaya matsayinta.

Fasali a kan abin yi

Mai sauƙin bori ya bar susa, ya sa tufa sakakkiya, ya ɗora tsumma mai sanyi in ba sanyi ke tayar masa ba, ya nisanci asfirin da danginsa. Magungunan da ke tare histamin, irin setirizin da loratadin, sau ɗaya ake sha a yini, mai azumi yana iya sha bayan buɗa baki. Tsofaffin irinsu kamar Piriton suna kawo barci, direba da mai aiki da inji su kiyaye. Ƙwayoyin nan da ake sha don ƙiba, irin dekisametason, suna kwantar da shi nan take, amma daɗewa a kansu na jawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi, ba a shansu sai da umurnin likita.

Mai neman sababi ya yi yadda ɗan kasuwa ke yi da littafin bashi. Ya rubuta rana da sa'a, da abin da ya ci, da maganin da ya sha, da aikin da ya yi, da lokacin da jiki ya tashi. Bayan mako biyu ko uku ya kai wa likita takardar, tare da kwalin kowane magani. Wanda aka tabbatar wani magani ba ya karɓarsa, ya rubuta sunan ya ajiye a aljihu, ya sanar da iyalinsa da abokan tafiyarsa, ya kuma faɗa a kowane asibiti kafin a yi masa allura.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kiyaye masu ita. Wallahu a'alamu.